Sunan da Gwaggo Ba Ta Faɗa Ba

Mai rayarwa da kashewa Ya karɓi Gwaggo ran Laraba da hantsi, a ɗakinta na Tsafe, bayan ta sha kununta, ta kuma gama yi wa mai kawo mata itace faɗa don ya kawo ɗanye. Daga wurin Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Labari ya iske ni a Gusau ina tsakiyar darasi. Direban motar kasuwa ne ya leƙo ta taga ya yafuto ni, ina ganin fuskarsa na ajiye alli.

Na isa na tarar gida ya cika. Matan unguwa suna ta kuka, wata daga cikinsu tana cewa, "Yau wa za ya hwaɗa muna wa ya haihi wa?" Liman ya kama hannuna ya ce sau biyu marigayiya tana aiko masa da gyara a kan rabon gado, don ya manta da wani magaji da ke can Ƙaura, kuma duk sau biyun ita ce da gaskiya. Wani tsoho ya zo daga Bungudu a kan jaki, ya zauna gindin bango yana jan carbi.

Ran sadakar uku ne mutanen Tsafe suka ga abin mamaki. Samari goma sha wani abu suka shigo gari a kan kekuna, da fararen riguna da alƙaluma a aljihu, dukansu malaman makarantun elementare, wasu tun daga bayan Bungudu suka taso da asuba. Suka jera kekunansu a ƙofar gidan tsohuwar da ba ta bar ɗa ko jika ba, suka zauna karɓar gaisuwa tare da ni. Maƙwabcinmu mahauci ya kasa haƙuri, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, wai tsohuwar ga boko tay yi a ɓoye?"

Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba. Amma ta taɓa koyar da tarihi a kwaleji, na yini guda, kuma duk shekarun da na yi da alli a hannu ban yi darasin da ya kai nata ba. Don kada wannan ya bi ta ƙasa na zauna rubutun nan.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta haifi biyar, babu wanda ya kai tafiya, mijinta kuma ya rasu tun tana da sauran ƙarfi, sai aka ba ta ni ranar da aka yaye ni. Daddawa take yi, in ta huta ta ɗauki mazarinta ta yi kaɗi. Duk wanda ya zo sayen daddawa sai ya amsa tambaya kafin a miƙa masa: "Ɗan wa?" In ya faɗa, sai ta kama zaren ta yi ta ja, uwarsa 'yar wane ce, kakarsa daga 'Yandoto aka auro ta shekarar da fara ta ci gero, kakansa ya taɓa faɗawa karofin rini ya fito shuɗi. Yara da yawa sun koma gida miya ta riga ta tafasa ba daddawa. Ita ko a jikinta.

Da aka ɗauke ni koyar da tarihi a kwalejin horon malamai da ke Gusau, na zo da ɗokina na gaya mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wato biyan ka za a yi don ka hwaɗi abin da yaw wuce? Mu nan kyauta muke yi, har da zagi a kai." Daga ranar ba ta sake kira na da komai ba sai Malamin Jiya. Ko a gaban baƙi haka take ce mini, ni kuwa ina jin haushi, don a lokacin na ɗauki kaina wani abu.

A shekarata ta uku, Baturen da ke shugabantar kwalejin ya kira ni ofishinsa. Mutum ne dogo mai jin Hausa, mai tsananin son ƙa'ida. Ya ce yaran da muke yayewa sun san sarakunan ƙasarsa a jere, amma ba su san wanda ya haƙa rijiyar garinsu ba, kuma ga shi ana ta maganar mulkin kai. Yana so in haɗa ɗan littafi na tarihin garuruwan yankinmu, a kai Zariya a buga kafin hutun damina, kowane ɗalibi ya tafi da shi makarantar da za a tura shi. Sharaɗinsa ɗaya: duk wanda zai shiga littafin sai an san sunansa na yanka da wanda ya shaida shi. Ya ba ni wani tsohon kundi da wani jami'in mulki ya rubuta shekaru da yawa baya, ya ce in fara daga nan.

Ranar Juma'a na tafi Tsafe da kundin a hammata, niyyata in burge Gwaggo. Na buɗe shafin da ke maganar Tunga, ƙauyen mijinta da ke gabas da 'Yandoto, wanda ya zama kufai tun babbar yunwa. Tun ina goye nake jin labarin surukinta, Magajin Tunga, wanda take kira Baba: yadda ya buɗe rumbunansa bakwai ya ciyar da gari har suka ƙare, sannan ya sa sauran mutane gaba ya kai su wata fadama kusa da Bungudu, ya haƙa musu rijiya, ya rasu kafin a ci sabon gero. Na karanta mata sunayen waɗanda suka yi sarautar Magajin garin ina fassarawa, ɗaya, biyu, har biyar. Kundin ya ce na biyar, wato ƙanen Baba, shi ne ya buɗe rumbuna ya yi ƙaura da mutane.

Mazari ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Shida na."

Na ce biyar aka rubuta.

"Ina Baba?"

Na duba gaba na duba baya, babu shi. Sai Gwaggo ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wata shekara Baturen da ya rubuta kundin ya zo fadamar da tafintansa yana tambayar asalin gari. Maza duk an kwashe su aikin hanyar jirgi, ita ce babba a gidan magaji, sai aka sa ta ta ba da amsa daga bayan zana. Ta jero sunaye har ta zo kan surukinta. Mace ba ta kama sunan uban mijinta, kowa ya san wannan. Ta ce, "Sai nis sunkuyar da kai, niy yi shiru gwargwadon da ya kamata, kana niw wuce ga na gaba. Na ɗauka sun gane. Ashe bayan zana nike, wa za ya ga shiruna?"

Ban taɓa ganin Gwaggo ta tsorata ba sai ranar. Ta gane cewa da bakinta aka share mutumin da ya riƙe ta kamar 'yarsa, kuma yanzu za a buga sharewar a raba wa yaran Zamfara.

Ni kuwa da wautata na ce abu mai sauƙi ne, ta faɗa mini sunan yanzu in rubuta. Ta ce ba za ta iya ba. Na ce ta raɗa mini a kunne. Ta ce kunne ba mutum ba ne? Na ce to bari in yi ta jero sunaye, in na zo kansa ta ɗaga kai. Ta ce wanda aka tambaya ya ɗaga kai ai ya faɗa. Raina ya ɓaci, na ce, "Gwaggo, mutumin nan shekara arba'in yana ƙasa. Suna ne fa kawai!"

Ta miƙe tsaye, ga ta 'yar ƙarama, ta nuna mini zaure da mazari. "Boko ya cinye ma kunya. Tashi ka ba ni wuri." Goron da na kawo mata ta sa aka biyo ni da shi har tasha. Tun da ta goya ni ba ta taɓa mayar mini da kyauta ba, kuma na ji zafin abin har Gusau.

Na ce ai ba ita kaɗai ta san shi ba. Mako uku ina hawa keke duk ranar da ba aji. A 'Yandoto na sami wani tsohon marini ya ce ya san Baba sarai, Mai Rumbu suke ce masa, ya ba ni suna. A Tsafe wani makaho ya ba ni wani sunan dabam. A fadamar Bungudu na sha ruwan rijiyar da kaina, tsohon da ke zaune kusa da ita, wanda daga baya ya zo ta'aziyya a kan jaki, ya ce shi yaro ne lokacin, Magaji kawai yake ji ana cewa, amma yana zaton wane ne, ya ba ni na uku. Mutum ya yi girman da ba a kama sunansa, har sunan ya ɓace a bakin mutanen da ya ceta. 'Ya'yansa maza sun mutu, jikokin da aka sa wa sunansa yunwa ta tafi da su.

Na kai wa Bature sunaye ukun. Ya saurare ni da kyau, ya ce ya yarda akwai mutumin, amma suna uku daidai yake da babu. In ban kawo tabbas kafin ƙarshen wata ba, shafin Tunga zai tafi yadda yake a tsohon kundi. Na fito ina jin haushinsa, ina jin haushin Gwaggo, alhali na san kowannensu a kan ƙa'idarsa yake tsaye.

Saura kwana huɗu a rufe aikin, ina cikin aji na uku da safe zan fara kiran suna, sai na ji hayaniya a bakin ƙofar kwaleji. Na leƙa. Gwaggo ce, da baƙin zanenta na saƙi da ƙwaryar daddawa a ka, tana yi wa mai gadi bayanin ko shi jikan wa ne. Matar da ba ta taɓa shiga mota ba, don ta ce abin da ba ya cin ciyawa ba ta yarda da shi ba, ta hau motar gyaɗa tun daga Tsafe ita kaɗai.

Na ruga na sauke mata ƙwarya. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Na zaka in ga inda kake sai da jiya. Kira man Baturen naka, da wani malami mai hankali in kuna da shi."

Bature ya zo, malamin Arabiyya ya zo, dattijo ne mutumin Sabon Gari. Ɗalibai talatin suka miƙe tsaye. Aka kawo mata kujera ta ce ita ba alƙali ba ce, aka sa mata benci a gefen allo ta zauna. Bature ya gaishe ta da Hausa, ta amsa, ta tambaye shi ɗan wa, ya faɗa, ta ce ba ta san gidan ba. Aji ya kwashe da dariya, har da shi.

Sannan ta ce, "Kowa ya ji, ni ba a tambaye ni komi ba, ba ni kuwa hwaɗin komi. Baƙuwa nike. Malamin Jiya, an ce kullum da sahe kana kiran ɗiyan mutane ɗaya ɗaya. Yi aikinka."

Ban gane inda ta dosa ba. Na buɗe rajista na fara. Abdu. Ya amsa. Aliyu, Bello, Garba, kowa yana amsawa, Gwaggo tana zaune tana kallon rufin kwano kamar mai lissafin kusoshi. Na wuce Isa, na wuce Mamman biyu, na wuce Sani. Na zo kusa da ƙarshe na ce, "Ukashatu."

Kafin saurayin ya buɗe baki, Gwaggo ta zame daga benci. Ta tuɓe takalmanta, ta durƙusa a kan siminti, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya kai wajen bango.

Duk wanda ke ɗakin, in ka ɗebe mutum ɗaya, ya taɓa ganin uwarsa ko kakarsa ta yi haka. Malamin Arabiyya ne ya fara magana, ya ce, "Allahu Akbar." Ni kuwa na rasa inda zan sa rajista.

Bature ya tambaya ko ba ta da lafiya ne. Malamin Arabiyya ya yi masa bayani a hankali: mace in ta ji an kama sunan surukinta, yi take kamar shi ne ya shigo ɗakin. Bature ya ce ko sunan mijinta ne? Na ce na san sunan mijinta, babu mai shi a ajin nan. Bature ya murza gashin baki, sannan ya ce shaida ɗaya ba ta isa ba, a bari ta zauna, malamin Arabiyya ya karɓi rajista ya kira sunayen a birkice, ba yadda suke a jere ba.

Aka ɗaga ta ta koma benci. Dattijon ya fara daga tsakiya, ya koma sama, ya sauko, ya yi ta ja da gangan har na fara zufa. Gwaggo ko gezau. Ya kira sunan. Ta sake zamewa ƙasa, mayafi ya rufe fuska. Daga cikin mayafin muka ji ta ce, "Wanga Bature so shikai ya karya man gwiwa."

Ɗalibai suka manta da ƙa'idar aji, suka hau buga tebura. Bature ya ɗauki alli da kansa ya miƙo mini, ya ce, "Malam, rubuta. Shida ne." Na rubuta sunayen masu sarautar Tunga shida a allo, na sa Baba na biyar a gurbinsa, na mayar da ƙanensa na shida. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ga ɗalibai suna kallo, ban kuwa damu ba.

Ranar ba a yi wani darasi ba. Tunda an riga an san suna, bakin Gwaggo ya buɗe. Ta zauna har azahar tana ba su labarin Baba, yadda ya riƙa auna hatsi da ƙoƙo ɗaya ga talaka da ɗan gidansa, da hanyar da suka bi, da wanda ya mutu a wane rafi, da yadda aka gane wurin rijiya. 'Yan sauran azuzuwa suka cika tagogi. In ɗalibi ya yi tambaya sai ta ce, "Ɗan wa?" tukuna, kuma biyu daga cikinsu a nan suka ji cewa kakanninsu a bayan Baba suka taka zuwa Bungudu. Mai sunan kuwa ta ƙi yarda su haɗa ido, ta ce a ba shi ƙwaryar daddawar duka ya kai wa uwarsa. Har ta rasu, duk kaka tana yi masa aike.

Can wani ɗalibi mai kai, wanda yanzu ke koyarwa a Tudun Wada, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, sharaɗi ya ce a rubuta wanda ya faɗa. Ita kuma ba ta faɗa ba. Me za mu rubuta?" Na dubi Bature, Bature ya dubi malamin Arabiyya. Dattijon ya ce a rubuta gaskiya: surukarsa ba ta faɗa ba, amma daga wurinta aka sani, a gaban mutum talatin da uku. Haka aka rubuta, haka kuma aka buga.

Da la'asar na raka ta tasha. Na ce, "Gwaggo, yaya aka yi kika san akwai mai sunan a ajina?" Ta ce, "Ran hutun Sallah kana zaune tsakar gidana kana zubar labarin ɗalibanka, kak kama sunan har sau biyu. Nit tashi nish shige ɗaki, tuwo na bisa wuta. Kai kana nan kana surutu ba ka ko lura ba. Malamin tarihi!" Na ce to me ya sa ba ta tuna mini ba tun ranar da muka yi faɗa? Ta ce in ta tuna mini ai ta faɗa ke nan. Mako uku ta yi tana neman hanyar da za ta fid da Baba daga rami ba tare da ta yi masa rashin kunya ba, ni kuwa ina can ina yawo a kan keke. Na sayi goro a bakin tasha na miƙa mata, ta karɓa ta ƙulle a bakin zane.

Littafin ya iso bayan damina, ɗan siriri mai koren bango. Na kai mata Tsafe na zauna inda na zauna rannan. Ta jujjuya shi, ta shinshina, ta ce warinsa ba daɗi, ta ce in karanta. Na karanta na ɗaya har na huɗu. Da na zo na biyar na ɗan dakata, na ba ta lokaci ta ja mayafinta, sannan na karanta sunan da ƙarfi, da rumbuna bakwai, da tafiyar, da rijiya. Na gaya mata a wannan makon ana karanta shi a makarantu daga Tsafe har bayan Bungudu.

Kafaɗunta suka riƙa motsi a ƙarƙashin mayafi, ban san ko kuka take ko dariya ba. Ta daɗe a haka. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Sake."

Na sake. Sau huɗu na karanta mata shafin nan kafin ta ce ya isa, ta tashi ta ɗora tukunya.

Damina uku ta ƙara bayan wannan. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata, Ya haskaka makwancinta, Ya saka mata da abin da ta yi mini da wanda ta yi wa wanda ya riga ta. In Allah Ya haɗa su a Aljanna, na san ba za ta ɗaga ido ta dube shi ba. Za ta tuɓe takalmi ta durƙusa daga nesa, ta gaya masa cewa yara sun san shi.